Dangwalin Malam Datti

Kafin mai shara ta gama da baranda, Malam Datti ya riga ya jingine kekensa a gindin dalbejiya. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana haka. Ya buɗe ɗakin magani na ƙaramin asibitinmu a yankin Jama'a, ya wanke hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Sai ya fito da kayan aiki: almakashi, ƙananan ledoji, zare ja da baƙi, da siririyar igiyar rama. Baƙo zai ɗauka tela ne.

Ba likita ba ne, bai kuma taɓa cewa shi ne ba. Likita ya rubuta, shi ya ba da. Amma daga takardar likita zuwa bakin mara lafiya akwai tafiya, kuma a hanyar nan mutanenmu suke ɓata. Nan ya tsaya.

Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Saura kwana tara. Shi ya sa na kasa zama ban rubuta ba.

Abin ya faro ne daga Baba Haladu, shekara shida da suka wuce. Dattijo ne, gidansa na bayan gari ta hanyar Kabo. Yana noma kamar kowa, amma ransa na wajen shanun da ya gada. Hawan jini ya kama shi, ciwon suga ya biyo baya. Likita a Gwarzo ya rubuta masa magani kala huɗu, wani da safe bayan an ci abinci, wani da yamma. Malam Datti ya yi bayani, ya maimaita. Baba ya ce, "To, to." Ya koma gida ya juye su duka a gwangwanin madara.

Makiyayi ba ya ba bijimi magani sau biyu a rana. Da safe kafin a saki garke ake kama shi, a ɗura masa, a sake shi ya tafi. Haka Baba Haladu ya yi wa kansa. Ya haɗa na safe da na yamma, ya kora da ruwa, ciki ba komai, ya bi bayan shanu. Da hantsi mata masu tallar nono suka tsince shi a gefen gonar dawa, gumi sharkaf, ba ya gane kowa. Suga ne ya sauka. A amalanke aka kawo shi. Da ƙyar.

Ɗansa Ja'afar, mai sayar da taya a Kano, ya iso washegari. A gaban tagar ba da magani ya tsaya, uban na zaune a benci.

"Malam, magana ta ƙare," in ji Ja'afar. "Birni zan tafi da shi, inda za a riƙa ba shi da hannu. Shanun a sayar."

Baba bai ɗago ba. "Ka fara sayar da ni," ya ce.

Malam Datti ya leƙo ta taga. "Haba Baba. Kai da ka san kowace saniya da uwarta da kakarta, ƙwaya huɗu ta gagare ka?"

"Saniya tana da kama, Malam. Waɗannan duk farare ne. Ba ƙaho, ba wutsiya."

Aka yi dariya a layi. Ja'afar bai yi ba. Malam Datti ya roƙe shi wata ɗaya.

"Wata ɗaya," in ji Ja'afar. "In ya sake faɗuwa, ba na shawara da kowa."

Malam Datti ya gwada rubutu. Baba ba ya karanta boko. Ya gwada ajami. Ido ya yi rauni. Ya zana rana da jinjirin wata a leda, Baba ya juya ledar ya ce wannan ƙahon wace saniya ne. Mai shara ta ce a kwanakin nan Malam Datti ba ya zama. Ya buɗe durowa, ya rufe. Ya fita baranda, ya dawo. Ran Asabar da sassafe ya hau keke ya tafi gidan Baba da kansa, ya ga inda maganin yake kwana.

Ya tarar ana tatsa. Ga dangwali a ƙasa, doguwar igiyar nan da ake kafe bakinta biyu, an yi mata madaukai a jere, kowane maraƙi da nasa. Inna Barira, matar Baba, ta kwance ɗaya, ya ruga ya kama nono, ta janye shi, ta tatsa. Sai ta gama da shi take taɓa na gaba.

"Inna, me ya sa ba kya kwance biyu, aiki ya yi sauri?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "In kwance biyu, mu sha me?"

Bai ko tsaya shan furar da aka dama masa ba.

Ran Litinin ya miƙa wa Baba igiya ta taga. A jikinta ƙananan ledoji talatin ba biyu, na mako biyu. Kowace leda shan sau ɗaya ce, duk ƙwayoyin lokacin suna ciki. Mai jan zare bayan tatsar safe, in an sha fura. Mai baƙin zare bayan magariba, in an ci tuwo. Ƙwayar da ba ta son iska bai ɓare ta ba, ya yanko ta da rigarta. A kan igiyar ya ɗaura ɗan kati da sunayen magungunan, don duk likitan da ya gani ya san abin da ake sha.

"Ga dangwalinka," ya ce. "Maraƙi ɗaya ake kwancewa. Ka kwance biyu, Ja'afar ya zo da mota."

Baba ya ja ƙullin farko, ya gwada ƙarfinsa. "Wa ya koya maka?"

"Matarka."

"Shi ya sa ya yi tsauri."

Shekara shida. Bai sake faɗuwa ba. Shanun suna nan, har sun ƙaru.

Labari ya bi kasuwa. Yau mutum arba'in da uku ne ke karɓar igiya, daga Unguwar Tudu har ƙauyukan Kabo. Sharaɗinsa ɗaya: a dawo da tsohuwar. Igiyar ce ke ba shi labarin da mara lafiya ba zai faɗa ba. Wata tsohuwa ta dawo da tata, jajaye sun ƙare, baƙaƙe na nan reras. Bai yi mata faɗa ba. Ya tambaya a hankali, ta ce na yamman jiri yake sa ta, tana jin kunyar faɗa. Ya rubuta takarda ya mayar da ita wajen likita, aka canza mata.

Malam Datti, kai ne ka ga ba taurin kai ke damun mutanenmu ba, ba a yi musu magana da abin da suka sani ba ne. Kai ne ka bar kujerarka ka je ka tsuguna a cikin kashin shanu don ka koya. Ba wanda ya sa ka. Ba takardar yabo a bangonka, na duba. Yatsunka duk kanta ne, yanzu kuma sun fara rawa, kana ɓoye su a aljihu. Mun gani.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne bayan tafiyarsa. An turo wadda za ta gaje shi, Zinnira, ba ta daɗe da gama makarantar kiwon lafiya ba. Tana da sauri, tana da ladabi. Ran farko ta kalli igiyoyin ta ce, "Baba Datti, layi har bakin ƙofa. Ni kaɗai ce. Kuma wallahi ba a koya mana wannan ba." Ba ƙarya ta yi ba. Shi ma ya sani, bai matsa mata ba. Ya koma buɗe durowa da rufewa.

Maganar ta kai Kano. Ja'afar ya bugo waya: in babu igiya, ran ɗaya ga wata yana zuwa da mota. Shi ma ba mugu ba ne. An taɓa kawo ubansa a amalanke.

Ran Larabar da ta wuce, bayan azahar, layi ya watse. Sai ga Baba Haladu a bayan ɗan acaɓa da ƙunshi a cinya. Ya kwance shi a bakin taga. Sababbin igiyoyi ne, shi ya tufka da hannunsa, guda arba'in da uku.

"'Yata, an ce ba a koya miki ba," ya ce. "Shi ma wancan ba a makaranta ya koya ba. Miƙo hannu."

Zinnira ta dubi Malam Datti. Ya kau da kai, hannu a aljihu.

Ta ɗaura leda ɗaya. Baba ya ja, ta zame.

"Wannan ko maraƙi ɗan kwana uku ya kwance shi. Sake."

Ta sake.

"Yanzu kin shaƙe shi. Da haƙori zan kwance? Ina na gan su? Sake."

Dariya ta ƙwace mata. A na uku ya ja, ya sake ja.

"Ya yi."

Ba ta ajiye igiyar ba. Ta ɗauko leda ta biyu. "Baba Datti, jan ne na safe, ko?"

Ya gyaɗa kai. Ya ce in za ta ware yammacin Laraba, zai riƙa zuwa ya zauna a benci. Zama kawai. Ta ce ta ware.

Ban san ko za ta ɗore ba. Ƙulli talatin ba biyu sau arba'in da uku ba wasa ba ne, kuma ita kaɗai ce. Shi ya sa nake kira ga duk mai zama a bayan irin tagar nan, da mu masu tsofaffi a gida: kada a tsaya a "to, to". A je a ga inda maganin yake kwana. Mai hannu biyu da yammacin Laraba, ya zo ya koyi ƙulli.

Mun gode, Malam Datti. Allah ya saka maka, ya hutar da yatsun nan, ya ba ka lafiyar da ka ɗaura wa wasu.

Kafin Baba Haladu ya tafi ranar, ya sa Zinnira ta kira masa Ja'afar a wayarta. Ya riƙe ta nesa da kunne, ya ɗaga murya yadda ake kiran shanu daga ƙetaren rafi.

"Ja'afaru! Ka bar motarka inda take. An ɗaure."