Gidan Gangare a Bayan Bici

Ana sallame sallar asuba muka ɗaura wa jakuna kaya, muka fita ta Ƙofar Dawanau, ni da abokin aikina. Wani dattijo manomi ne a bayan Bici ya aiko a kira magini, don damina ta cinye masa gida. Hanya duk gonaki ne an girbe, kara a jingine, kana wannan ƙauye kana hango na gaba. A gindin wata tsamiya muka sha fura har muka ƙoshi da 'yan kuɗin wuri kaɗan. Abokina ya ce da haka birni yake, da tuni ya bar gini.

Da la'asar muka isa. Filin gangare ne, daga hanya ya sulale har bakin kwari. Tsohon gidan a can ƙasa yake, ruwa ya kwanto masa, katanga ta faɗa wa matar dattijon, ta rasu. A nan kusa aka binne ta.

Washegari na zaga da sanda ina zane a ƙasa. Na ce a yanka filin hawa-hawa: zaure da turakar maigida a sama kusa da hanya, ɗakunan 'ya'ya a ƙasa da su, a haƙa magudana a jera mata duwatsu, ta kewaye gidan ta zube a kwari. Kowa ya yarda sai dattijon. Ya ce shi ɗakinsa a hawan ƙarshe na can ƙasa za a yi, inda zai buɗe ƙofa ya ga kabarin.

Nan magana ta tsaya. 'Ya'yansa biyu suka ce ba za su kwana a saman ubansu ba, ruwan wankansu yana gangarowa ta ƙofarsa. Ƙaramin ya ce in haka ne gara ya kwashi iyalinsa ya koma Bici, gandun ya watse. Ni kam raina ya ɓaci, rani yana tafiya, ko ƙasar tubali ba a kwaɓa ba. Na ce a yi ciko a ɗaga ƙasan, amma ni kaina na san ciko ba ya riƙe soro.

Dattijon ya daɗe yana kallon zanen. Can ya karɓi sandata ya miƙa wa babban ɗansa.

"Turaka ta maigida ce," in ji shi. "Daga yau kai ne. Hau ka zana ɗakinka."

"Baba, da ranka?"

"Da raina. Ni baƙo ne a gidanka yanzu, ka sauke ni a ƙasa."

Ɗan ya durƙusa yana kuka, ƙanen ma ya durƙusa. Tausayi ya kama ni har na kau da kai.

Sai da katanga ta kai ƙirji muka bar musu sauran, muka juyo birni. Na tafi ina zaton aikina shi ne in san inda ruwa zai bi. Na dawo na gane cewa a gangare ba a aza tubali sai wani ya yarda ya kwana a ƙasa.