A Gindin Gaɓar Ramin Tifa

Abin da na fara ji shi ne ƙasa tana zubo mini a wuya, kaɗan-kaɗan, kamar ana barbaɗa gishiri. Babu iska, babu akuya a sama. Ina durƙushe a gindin gaɓar ramin da tifofi suka haƙa a bayan garinmu, ina kankaro jar ƙasar da Inna za ta yaɓa a bangon ɗakinta da ruwa ya ci, don a shekarun nan siminti ya fi ƙarfin gidanmu. Na ɗaga kai, sai na ga wata tsaga tana buɗewa a jikin gaɓar, a hankali, ba ƙara ba komai. Na miƙe zan gudu. Ban kai ko'ina ba.

Har yau na kasa kwatanta nauyin. Ƙasar nan da muke takawa, muke shuka gero a cikinta, ita ce ta riƙe ni har ƙirji, da sanyinta, kuma duk numfashin da na fitar sai ta matso ta cike gurbin. Ihu ɗaya na samu na yi. Matan da ke tsinkar rama a gonar kusa suka ɗauki ihun.

Gonakinmu manne suke da juna, kuma a wajenmu in aka ji kururuwa kowa yakan taho da abin da ke hannunsa. Kafin a jima mutane sun yi layi a saman gaɓar, daidai kaina, suna leƙowa suna salati. Duk wanda ya ƙaru sai na ji ƙasa ta zubo mini a ka. Kawu ya jefo igiya yana cewa in zura a hammata su fizge ni. Baba kuwa har ya sauko da fartanya.

Sai na ji muryar Yaya.

Yaya shi ne babbanmu. Ya karanta aikin gina hanyoyi da gadoji a jami'a, kuma lokacin da ya gama, Inna har ta fara zaɓen launin kwanon da za a rufa mata ɗaki da shi, don kowa cewa yake albashin injiniya ba ya ƙarewa. Sai shekarun suka juya. Kwangiloli suka tsaya cak. Wani mai gini a unguwar Rijiyar Zaki, can birni, ya ɗauke shi duba aiki, abin da ake ba shi ko kuɗin mota bai isa ba, daga baya ma aka ce birkila ya wadatar. Ya dawo gida ya kama noma. A garinmu kuma injiniya shi ne mai gyaran injin niƙa da na ban ruwa. Aka yi ta kawo masa rediyo da janareta, yana cewa shi ba irin wannan ba ne, har aka laƙaba masa injiniyan da ba ya gyara inji. Murmushi kawai yake yi. Ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba.

"Ku sauka daga kan gaɓar nan! Kowa ya ja baya! Baba, ajiye fartanyar nan ka fito!"

Baba ya juya. "Ni kake yi wa tsawa? 'Yata ce a ciki."

"Ƙanwata ce, Baba. Nauyinsu ne zai binne ta. Kawu, in kuka ja ta da igiya, rabinta za ku fito da shi."

"To boko ne zai tono ta?" in ji Kawu.

Mai unguwa ne ya raba gardamar. Ya dubi Yaya, ya dubi tsagar, sannan ya ɗaga sandarsa ya kora manya da yara kamar awaki, har shi kansa ya koma can nesa.

Yaya ya sa aka ciro ƙyauren zaurenmu da na maƙwabta, aka kwaso azara daga wani kango. Ya jingina ƙyamaren a jikin gaɓar ta bayana, ya tokare su da azarar, yana dannawa da kafaɗa yana gyara musu zama. Ni dai gani nake ana ɓata lokaci, ina kuka ina cewa a fitar da ni. Ya shimfiɗa wani ƙyauren a gabana ya kwanta a kai rub da ciki, fuskarsa dab da tawa.

"Auta, kar ki yi kokawa da ita. Ja numfashi ƙanana. Kin ga yau na samu aiki, sai dai mai kwangilar ko sisi ba ta da shi."

Na so in yi dariya, ƙirjina ya hana.

Daga nesa ya sa aka fara haƙa, ana zuwa wajena, shi kuma yana yashe ta kusa da jikina da kwano da yatsunsa. An kai ƙuguna ke nan sai gaɓar ta sake zaftarowa. Na ji ta faɗo a kan ƙyamaren, duhu ya rufe ni, azarar ta yi wani kuka kamar abu mai rai. Na yi kalmar shahada. Na jira. Da ƙurar ta lafa sai ga itatuwan nan sun lanƙwashe, amma suna tsaye, tudun ƙasa guda a bayansu, ni kuma ina numfashi a ƙarƙashi. Yaya kuwa bai daina yasa ba.

Da ƙafafuna suka fito ba na jin su. Baba ya miƙo hannu zai zaunar da ni a nan, Yaya ya ce a'a. Ya goya ni, ya bi ta inda tifa ke shiga, ya yi ta tafiya har gindin ɗorawar gonarmu, inda Inna take, mata sun rirriƙe ta. Ya sauke ni, ya ce in motsa yatsun ƙafa. Suka motsa.

Na riƙe rigarsa na ƙi saki, ina ta waiwayen ramin.

"Sake ni, Auta," in ji shi, muryarsa ta dishe. "Kin fita. Ƙasar ba ta kawowa nan."