Shekara bakwai bayan Yaya Rabi, ruwan bayan gida na nan a rariya

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rabi. Duk damina sai ta faɗo mini a rai, don ba na iya zuwa masallaci ban tattare bakin wando ba.

Garinmu ƙarami ne, kusa da Tabla. Muna yara da guga ake jan ruwa, mace ba ta zubar da ko na wanke-wanke sai ta ba tumaki. Da aka gina mana shato, wato babban tankin ruwa, aka ja famfo unguwa-unguwa, mun yi murna ƙwarai. Ba wanda ya tambayi inda ruwan zai tafi bayan an yi wanka da wanki. Kowane gida ya huda katanga ya sako nasa waje. Gologo, wato kwatamin bayan makewayi, ya cika ya tumbatsa, rariya ta yi baƙi, sauro ya samu wurin zama har da rani.

Rabi mai tuyar fanke ce a bakin tasha, ba ruwanta da sha'anin gari, sai shekarar da zazzaɓi ya ɗauke mata jika, ɗan ɗiyarta Zalika. Bayan an share makoki ta sa aka haƙa rami mai zurfi a bayan makewayinta, kamar yadda ta gani a likita, wato asibitin Filinge, aka cika shi da duwatsu aka rufe. Ƙofar gidanta ta bushe. Daga nan ta shiga bin gidaje tana cewa kowa ya haƙa irinsa. Wasu suka yi, wasu suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta. Maƙwabcinmu Alhaji Idi ya ce ruwan gidansa ne, rariya kuwa ta Allah ce. Ta ce masa: "Alhaji, sauron gidanka bai san iyakar katangarka ba." Sun yi wata da watanni ba sa gaisawa, amma ya haƙa.

Ni ne ɗan rakiyarta zuwa meri, ofishin magajin gari, tun da ni na yi lakwal, wato makarantar boko. Mukan shiga motar kasuwa mu je mu zauna a kan benci, a ce mu dawo. Wata rana na ce mata na gaji. Ta dube ni ta ce: "Kai ka gaji da zama, ni na gaji da zuwa gaisuwar mutuwar yara. Tashi mu tai."

Daga ƙarshe an amsa. Aka ce za a gina kanibo, wato magudanar ruwa ta siminti, ya kwashe ruwan gari zuwa wani babban tafki a bayan gari, inda zai kwanta ya tace kafin a shayar da itatuwa. Ta ga ranar da aka zo awo, ba ta ga fara aiki ba. An haƙa tafkin, an yi rabin kanibo, sai hanya ta lalace da rashin tsaro, ma'aikata suka kwashe kayansu. Ban ga laifinsu ba, kowa na son ransa. Sai dai yau kanibon ya cike da leda da yashi, tafkin kuwa ya fi duk gologon garin tara sauro.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce in ta gani. Ina jin ba za ta ce komai ba, za ta ɗaura gyale ta nemi mota. Ni kam gwiwoyina sun ƙi, kuma waɗanda muka sani a meri duk an sauya su.

Makon jiya na tarar da wata matashiya, matar wani malamin lakwal da aka kawo mana daga Tondikandiya, tana jidar duwatsu a bayan gidan da suka sauka. Na tambaye ta aikin me take yi. Ta ce: "Ramin Rabi za mu yi, Baba, maƙwabta suka ce shi ka hana ruwa kwanciya."

Na ce ko ta san wace ce Rabi. Ta ce ita ta ɗauka sunan ramin ne kawai.

Na ce mata mutum ce, yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ajiye dutsen da ke hannunta ta ce Allah ya jiƙanta. Na ce amin. Ta sunkuya ta ci gaba da aikinta.