Haƙoran Akwatin Baba Ɗalha

Da aka ce mini duk wayoyin wutar masana'antar nono ta Alhaji Harisu suna rubuce a littafi guda, kuma littafin yana aljihun wani dattijo, ban yarda za a yi aiki da shi ba. Shekara shida na yi a Malesiya ina koyon aikin na'urorin awo na masana'antu, kuma can an koya mana kada mu amince da abin da ba ya cikin zane. Na dawo Kankiya da wannan ra'ayi, ban riga na gwada shi a kan kowa ba.

Dattijon shi ne Baba Ɗalha, mutumin Yashe, ya haura sittin. Karatun allo ya yi, bokonsa bai wuce sanin lambobi ba. Da gyaran rediyo ya fara a kasuwa, ya koma ja wa gidaje wuta, daga nan injinan rijiyar burtsatse. Da Alhaji ya sayo tsofaffin tankunan dafa nono da sanyaya shi, shekara goma sha ɗaya ke nan, Baba Ɗalha ne ya haɗa su waya bayan waya. Idan damina ta sauka, sai ya leƙa geronsa da sassafe kafin ya hau babur ya taho. Matan ƙauyukan Kaikai da Ƙofa masu kawo nono sun san shi sarai, domin shi ke ce musu tanki ya yi sanyi, su juye.

Alhaji yana son ƙara tanki na uku, masu kawo shi kuma sun ce sai sun ga bayanan wayoyin cikin manhaja. Aikina ke nan. Manhajar tana da zanen asali na injinan. Abin da ya rage shi ne a loda mata jadawali: kowace waya, daga wace na'ura ta taso, a wane mazauni ta sauka cikin akwatin wuta. Mazaunan nan Baba Ɗalha haƙora yake ce musu. Layi huɗu ne, kowane da haƙori goma sha biyu, lambobin jikinsu kuwa sun goge tun kafin akwatin ya iso Kankiya.

Kwana biyu muka yi a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar masana'anta, yana karanto mini ajaminsa, ina bugawa a kwamfuta.

"Mai jin zafin babban tanki, layi na ɗaya, haƙori na sha biyu. Ka rubuta, Injiniya, ko na yi maka sauri?"

"Na rubuta, Baba."

"To madalla. Na ɗauka a ƙasar masu shinkafa ba a koya maku sauri."

Ranar Laraba da hantsi na loda jadawalin a gaban Alhaji. Manhajar ta karɓa, ta ɗan yi jim, sai ga layukan jadawalin arba'in da takwas duk sun yi ja. Ko waya ɗaya ba ta dace da zane ba.

Alhaji ya gyara hula, ya dubi Baba Ɗalha. "Malam Ɗalha, mi ke nan? Shekara sha ɗaya ashe a kan kuskure muke zaune?"

"Alhaji, da kuskure ne, da nonon nan ya daɗe da tsinkewa."

"Ni dai na'ura ba ta ƙarya. In haka ne, a kwance komai, in kira mutanen Kano su sake. Kai ma ka huta, girma ya zo."

Baba Ɗalha ya mayar da littafinsa aljihu, ya danne shi da tafin hannu. Na roƙi Alhaji ya ba mu zuwa la'asar, domin abu ɗaya ya tsaya mini a rai: mai kuskure yakan dace ko sau ɗaya ne. Kuskure arba'in da takwas cif, ba ko ɗaya daidai, ya yi tsari da yawa.

Muka kashe wuta, muka buɗe akwatin. Zane ya ce wayar mai jin zafin babban tanki, wato na'urar auna zafinsa, tana mazauni na ɗaya. Na ɗora yatsa a farkon layi daga hagu.

"Baba, nan ya kamata ta kasance."

"To ai nan take. Ga ta nan, mai jan ƙyalle."

"Amma ka ce mini na sha biyu."

"Na sha biyu ne mana." Ya sa tsinin sukuddirebansa a ƙarshen layin ta dama, ya fara tahowa. "Ɗaya, biyu, uku..." Sai ya tsaya, ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "Tsaya. Kai daga ina kake farawa?"

"Daga hagu."

"Hagu? La'ilaha illallahu! Ɗan Musulmi, jikan liman, wa ya koya maka fara ƙirga da hagu?"

Dariya ta kama shi har ya zauna a kan bokiti. Zinariya, wata Bafulatana da ke jiran a buɗe tanki, ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

"Lafiya lau, 'yar Fulani. Bature ne bahago, ya koya wa yaronmu."

"To ku dai ku kunna, nonona ba ya jiran Bature," in ji ta.

Gyaran bai ci minti goma ba. Na juya lambobin jadawalin, ɗaya ta koma sha biyu, biyu ta koma sha ɗaya, haka har ƙarshe, na sake lodawa. Arba'in da shida suka yi kore. Biyu suka rage ja. Baba Ɗalha ya lashi yatsa, ya buɗe bayan littafinsa. Can ya rubuta cewa shekarar da tsawa ta faɗa wa turken wuta haƙora biyu sun ƙone, ya mayar da wayoyinsu wani ɗan layin ajiya da ya ƙara a ƙasa, har da ranar da watan. Zanen ne ya tsufa. Shi muka gyara.

Alhaji ya dawo bayan la'asar, ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya yi gyaran murya.

"Malam Ɗalha, ka yi haƙuri. Baki ne ya riga hankali."

"Ba komai, Alhaji. Amma mutanen Kano fa? Kada su yi asarar hanya."

"Kai dai ka shirya, tankin nan kai za ka haɗa shi."

Aka kawo fura da nono mai sanyi, daga tankin da ake magana a kai, muka sha a tsaye. Washegari Baba Ɗalha ya sa na buga lambobi a takarda mai gam, ya liƙa su a haƙoran da hannunsa, daga hagu, yana yi yana girgiza kai.

Da ya gama, na tambaye shi abin da ya kwana a raina.

"Baba, ka rubuta ranar tsawa, ka rubuta launin ƙyalle. Me ya hana ka rubuta a shafin farko cewa daga dama kake farawa?"

Ya rufe akwatin, ya ɗaure ƙusa.

"Injiniya, ko a ƙasar taku, ana rubuta wa mutum da wane hannu zai ci tuwo?"