Kwalin Da Ban Buɗe Ba

Shekara tara na yi a wani ofishin awon kaya a unguwar Utaibiyya da ke Makka, muna tura kayan mutanenmu gida ta jirgi. Aikina guda ne: in buɗe kwali, in ga abin da ke ciki da idona, in rubuta, in sa hannu. A bangon bayan kujerata akwai jerin kayan da ba sa barin ƙasar sai da izinin hukuma, irin su jirgi maras matuƙi da rigar sulke da tabaron hangen dare. Mudir, wato shugaban ofishinmu, ya sha faɗa mana cewa ko kamfanin da ya ƙera su bai isa ya fitar da su ba sai an san hannun wa za su faɗa, an rubuta, an buga hatimi. Hajiyoyi sun zage ni iya zagi a kan kwance musu kaya, wata har ce min ta yi ɗan kwastan ɗin banza. Ban taɓa fasawa ba.

Sai Kawu. Ba jini ya haɗa mu ba, ɗan garinmu ne, amma shi ya tarbe ni ranar da na sauka Makka. A ɗakinsa na unguwar Nakkasa na yi wata huɗu ina cin tuwonsa, shi kuma ya nemo min ubangidan da ya tsaya min na samu iƙama, takardar zaman ƙasa. Wata rana bayan la'asar ya shigo da kwali an naɗe shi da salatif tamau.

"Ɗana, saƙon gida ne, dabino da dardumai. Takardata ta mutu, tura min da sunanka."

Na ɗauko reza. Ya dube ni. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san wannan kallon. Ba a buɗe saƙon babba a gabansa, in ka buɗe ka ce masa maƙaryaci ke nan. Na mayar da rezar aljihu, na rubuta dabino da dardumai, na sa hannu. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in gartsa wa hannun nan cizo.

Kwana uku tsakani mudir ya kira ni, fuskar nan a murtuke. Na'urar filin jirgin Jidda ta hango tabaron hangen dare huɗu a ƙarƙashin dabinon, an cusa su cikin safa. Mai turawa ni, mai dubawa ni. Aka yi ta jela da ni ofishin bincike. Wa ya sayar maka? Wa zai karɓa? Ina izini? Na ce wani mahajjaci ne ya ba ni, ya riga ya tafi. Ban kama sunan Kawu ba, kuma kada wani ya yaba min, kunyar nan ce dai ta sake shaƙe ni. Allah ya taimake ni suka ɗauke shi sakaci, ba su ɗaure ni ba. Amma aiki ya tafi, aka soke iƙamata, aka ce in bar ƙasar.

Na je na sami Kawu yana shan shayi.

"Kawu, me na yi muku?"

Ya ce 'yan bindiga da duhu suke shiga garinmu, 'yan sa-kai kuma ba sa ganin ko tafin hannunsu. Ya lissafo min waɗanda aka kashe, duk na san su. Sannan ya ce, "Da na faɗa maka gaskiya, za ka tura?"

"Ba zan tura ba!"

"To, ka gani."

Haba! Nan ne raina ya gama ɓaci. Ashe ba rashin sani ba ne. Akwai ofisoshin awo birjik a Makka, ya tsallake su ya zo wurina don ya san ni kaɗai ne ba zan iya sa masa reza ba. Tuwon da na ci a ɗakinsa shi ya ɗauko ya rufe min ido. Garin nan nawa ne ni ma, uwata tana cikinsa, da ya zaunar da ni sai mu nemi hanyar da doka ta sani, ko ba ta ɓulle ba. Amma a'a, ya yanke hukunci shi kaɗai cewa shekaruna tara da abincin 'ya'yana su ne abin sadaukarwa, ko shawara bai yi da ni ba.

Ranar tafiyata 'yan garinmu suka cika ɗakin, kowa da ɗan saƙonsa kamar yadda aka saba. Sai ga Kawu da ƙunshi a leda, an naɗe shi tamau.

"Ɗana, ka kai wa limamin garinmu."

Na zaro rezar nan a gaban kowa na tsarge ledar daga sama har ƙasa. Wani dattijo ya yi salati. Farin yadi ne a ciki, an yanka shi an ninke, har da ɗan sauran danshi. Likkafani ne guda shida, ya wanke su da zamzam.

Na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, na zazzage kowanne yana kallo. Sannan na ninke su na sa a jakata. Ban yi masa sallama ba.