Littafin baftisma ya kusa fasa auren Rifkatu

Yatsana na kan layi. A tsohon littafin baftisma na cocin ƙauyenmu, kakan 'yata Rifkatu sunan ubansa Bitrus. Na juya shafi, kakan saurayinta ma sunan ubansa Bitrus!

Saura sati uku biki wata gwaggo ta ce yaran jininsu ɗaya, mu kuwa ba ma auren dangi. Shi ya taso ni daga Nukkai. Da girmana na koyi karatu, don haka sau huɗu na maimaita.

Na ce wa dattijon da ke ajiye littafin, "Baba, aure ya lalace. Kakannin yaran ubansu ɗaya."

Ya yi dariya har da tari. "'Yata, rabin ƙauyen nan Bitrus ne ubansu. Bitrus katikis ne, malamin coci! Duk yaron da ubansa ya ƙi coci, sai katikis ya rubuta sunan kansa a matsayin uba. Iyayen kakannin nan na gaskiya, ɗaya maharbi ne, ɗaya maƙeri. Har suka mutu ba sa gaisawa."

Ban taɓa murna da gabar mutane ba sai ranar. Nan take na kira tela ya ci gaba da ɗinki.

Jama'a, ku wa aka rubuta muku a littafi?