Ramin da Na Haƙa a Bakin Kanal

Ƙungiyar nan ta likitocin tiyata da yanzu take da mota mai rubutu a jiki da rassa har jihohin maƙwabta, ni na san ta tun tana da firji ɗaya a wani ɗaki a birni. Likitoci ne 'yan kaɗan suka haɗa kai suna ajiye abin da za a gyara jikin mutum da shi: ƙashi, fata, da wani siririn tantani da ake ɓarowa daga jikin mabiyiya. Wai idan aka shimfiɗa shi a kan ƙuna, ciwon ya fi saurin warkewa. Ban yi boko mai nisa ba, abin da aka gaya min ke nan.

Acaɓa nake yi a lokacin, a ƙofar wani asibiti a yankinmu. Idan an yi wa mace aiki an ciro jariri, sai a tambaye ta, a tambayi mijin. Yawanci ƙi suke yi, don mu a nan wanke mabiyiya ake yi, a naɗe ta a tsumma, a binne a bayan ɗaki. Wadda ta yarda, sai a sa tata a leda, a jefa a kula cikin ƙanƙara, a ɗaure min a bayan babur in kai birni.

Ran nan ana tsakiyar kakar tumatir, manyan motoci sun toshe hanya. Sai na yanke ta bakin kanal, hanyar ruwan noman rani, don in ɓulla bayan Kura. A wani wuri da ake loda kwanduna na taka birki a kan ruɓaɓɓen tumatir, babur ya kwashe ni. Roba ta tsinke, kula ta buɗe, ledoji biyu suka faɗo, ɗaya ta fashe.

'Yan lodi suka taso suna yi min sannu. Har wani ya kama hannuna zai ɗaga ni, sai idonsa ya kai ƙasa.

Ya ce, "Malam, naman mene ne wannan?"

Na ce, "Kayan asibiti ne."

Ya saki hannuna. Ya juya ya ƙwala ihu, "Jama'a, naman mutum! Ɗan yankan kai ne!"

A kwanakin ana ta zancen wata yarinya da ta ɓata a wani ƙauye wajen Bunkure. Ban samu na ƙara kalma ba. Gora ta sauka a ƙeyata. Na faɗi, suka rufe ni. Wani da dutse, wani da itacen shinge, wani ƙafa kawai yake sawa a cikina. Na ji haƙorana suna yawo a baki. Na kare kaina da hannun hagu, aka sauke min ƙotar fartanya a kansa, na ji ƙarar ƙashin kamar an karya rake. Wani dillali mai babbar riga, wanda na sha kaiwa gida, yana cewa, "Shege, dama na ga idonsa!"

Sai wani ya zare tiyon man babur ɗina, ya tara a gwangwani, ya juye min a ka. Ya shiga idona, ya shiga raunukan. Ana ta kiran a kawo ashana. Na yi shahada.

Akwai wata tsohuwa da ke sayar wa 'yan lodi ɗanwake a wurin. Ashe ungozoma ce, rabin masu dukana ita ta yanke musu cibi. Ta kutsa da ludayinta, ta tsuguna ta juya abin da ke ƙasa.

Ta ce, "Kai, marasa kunya! Uwarku ba ta gaya muku abin da ya biyo ku ba? Mabiyiya ce. Kun bar ta a rana ƙuda na bi!"

Mai gwangwanin ya ce, "To Inna, ai ka ji. Satowa ya yi zai kai wa matsafa."

Ta ce, "Ko satowa ya yi, sai an binne ta tukuna. 'Ya'yan da suka zo da ita suna raye. Wanda ya kunna wuta a kanta, alhakinsu a wuyansa."

Wannan babu wanda ya musa. Kowa a wurin tasa tana binne a bayan wani ɗaki.

Ta ce, "Shi ya ɗauko, shi zai haƙa. Ku ba shi fartanya."

Aka jefo min wadda aka karya ni da ita. Na ja gwiwa zuwa gindin wata bishiyar darbejiya, na fara sara da hannu ɗaya. Ƙasar ta bushe ƙam. Jini na ɗiga daga haɓata cikin ramin. Suna tsaye sun kewaye ni, mai ashana na kaɗa kwalinta a saitin kunnena. Na gane cewa ƙarshen ramin nan shi ne ƙarshena, sai na rage sauri.

Da ya ɗan yi zurfi wani ya ce, "Ya isa haka."

Tsohuwa ta leƙa. Ta ce, "Wannan? Kare ma zai tone shi. Ci gaba, ɗan banza."

Na ci gaba. Aka sake cewa ya isa, ta ce guda biyu ne, ba a haɗa 'ya'yan mutane a rami ɗaya, sai an yi wani. Ta aika a ɗebo ruwa a kanal. Ta wanke su a tsanake, ta yage gefen mayafinta ta naɗe kowace daban. Rana tana dukan kowa. Wani direba ya fara zagin 'yan lodinsa, wai tumatir zai lalace, wasu suka zame suka koma aiki.

Ina cikin rami na biyu mai unguwa ya iso da 'yan sintiri, ashe wata mai talla ce ta ruga ta faɗa masa. Ya ƙwace ashanar, ya tambaye ni inda na ɗauko kayan, ya sa aka buga waya asibiti. Aka ce masa ai gaskiya ne, ni ɗan aikensu ne.

Tsohuwa ta ce ba inda za a kai ni sai an gama. Ta sa ƙunshin nan biyu a ramukan da kanta, ta mayar da ƙasa, ta daddanna da tafin hannu. Sannan ta miƙe, ta dube ni, ta wanka min mari a kan kumatun da ya riga ya fashe.

Ta ce, "Kai kuma, abin haihuwa ne za ka ɗaura a bayan babur kamar buhun taki?"

'Yan sintiri suka ɗora ni a keke mai ƙafa uku. Ina warin fetur har muka isa asibiti.